Tafi-da-Gidanka: Tarihin Rayuwar Kan Hanya a Gandayen Dajin Amurka

 

Da yawanmu mun sha cin karo da irin hoton nan a waya: doguwar mota ta tsaya a gindin wani dutse, ƙofarta a buɗe, ga gado a ciki, ga butar shayi tana tururi, ga miji da mata sun miƙe ƙafa suna kallon faɗuwar rana. A ƙasan hoton sai ka ga an rubuta cewa sun rabu da gari, sun rabu da kuɗin haya, sun sami 'yanci. Amurkawa suna kiran irin wannan mota RV a taƙaice. Mu kuwa Hausa ta riga ta tanadar mana sunan da ya dace da ita: tafi-da-gidanka. Wata da injinta ake ƙera ta, wata kuma ɗaki ne kawai a kan tayoyi da ake ɗaura wa mota ta ja.

Tarihin wannan rayuwa za mu bi yau, a inda ta fi bunƙasa, wato gandayen dajin Amurka, manyan dazuka da tsaunukan da gwamnati ta killace domin jama'a, kwatankwacin yadda muka san Yankari a Bauchi. Mun zaɓi batun ne saboda labarin tafiya na cikin rubutun da sabon marubuci ya fi marmarin gwadawa, kuma shi ne ya fi saurin yaudarar mai shi. Matafiyi yakan ga dutse ya shagala, ya manta bai tambayi wanda ya shimfiɗa titin da ya kawo shi ba, balle wanda aka tasa daga wurin kafin zuwansa.

YINI GUDA A CIKIN MOTAR

Bari mu fara da abin da hoto ba ya nunawa. Mai tafi-da-gidanka shi ne hukumar ruwa ta gidansa, shi ne ta lantarki, shi ne kuma mai kwashe masai. A ƙarƙashin motar akwai tankuna uku: na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Idan na farko ya ƙare, babu sha babu girki. Idan na ƙarshe ya cika, dole a naɗe komai a tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa ramin da aka tanada a bakin zango, a sa safar hannu, a jona mesa. Na bayan gida ake fara juyewa, sannan na wanka ya biyo baya ya ɗauraye mesar. Shi ya sa ake wanka da lissafi: ka jiƙa jiki ka kashe famfo, ka goga sabulu, sannan ka sake kunnawa.

Idan an iso masauki da yamma, aikin farko shi ne daidaita motar. A cusa katako ƙarƙashin wannan taya, a duba, a ƙara, domin irin firjin da ke aiki da gas ba ya son karkata, mai barci ma ba ya so. Yawancin zangunan da ke cikin gandayen ba su da wutar da za a jona, sai batir ko sola ko janareta, shi ma janaretan da sa'o'insa. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe doka ce a yi shiru. Ba a barin abinci a waje ko da ɓawon ayaba ne, saboda beya, wata ƙatuwar dabba mai gashi da ƙarfin tsiya, wadda ke jiyo ƙanshi daga nesa. A gandun Yellowstone, zangon Fishing Bridge ba ya karɓar mai tanti sam, sai mai ɗaki mai ƙaƙƙarfan bango, duk saboda ita. Doka ta ce a bar tazarar yadi 100 tsakanin mutum da beya ko kyarkeci, yadi 25 tsakaninsa da ɓauna.

Gurbin kwana kuma ba a samun sa don kawai an iso. A shahararrun gandaye tun watanni kafin ranar ake kama shi ta intanet, kuma a lokacin cunkoso yawancin zanguna ba sa barin mutum ya wuce kwana 14. Girman motar ma ƙaidi ne. Titin Going-to-the-Sun da ke ratsa tsaunukan gandun Glacier ba ya ɗaukar motar da ta haura ƙafa 21 a tsawo, mai babban gida sai ya ajiye shi a ƙasa ya nemi ƙaramar mota.

To, rayuwar ke nan: 'yanci ne, amma mai jadawali da lambar gurbi. Yaya aka yi ta zama haka?

DAJIN DA AKA CE BABU KOWA

A ranar 1 ga Maris 1872 Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar da ta kafa Yellowstone, gandun daji na ƙasa na farko a Amurka, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 9,000, yankin maɓuɓɓugan ruwan zafi masu tsartuwa sama. Masu tallata shi suka riƙa bayyana shi a matsayin dajin da ɗan Adam bai taɓa zama ba. Alhali kuwa wani reshe na ƙabilar Shoshone da ake kira Tukudika a cikin tsaunukan yake zaune, kuma ƙabilun Crow da Bannock da Blackfeet sun yi shekaru aru-aru suna ratsa wurin suna farauta. A 1877, shekara biyar da kafa gandun, mutanen Nez Perce kimanin 800, maza da mata da yara, suka keta ta cikinsa sojojin Amurka na biye da su, har suka yi kiciɓis da 'yan yawon buɗe ido. Zuwa wajajen 1880 an riga an kwashe Tukudika zuwa matsugunan da gwamnati ta keɓe wa 'yan asalin ƙasar. Daga 1886 zuwa 1918 kuwa soja ne ke gadin gandun.

Labarin kwarin Yosemite da ke Kalifoniya bai bambanta ba. A 1851 wata rundunar 'yan sa-kai ta shiga kwarin ta ƙone bukkoki da rumbunan mutanen Ahwahneechee. Wasunsu sun dawo daga baya, zuri'arsu suka zauna suna yi wa otal-otal aikatau, suna saƙa kwanduna suna sayar wa baƙi, har zuwa 1969 da hukuma ta rushe gidajen ƙauyensu na ƙarshe a kwarin. Don haka duk wanda ya ajiye motarsa a can yau ya ce ya sami wurin da babu kowa, ya sani share masa shi aka yi.

Baƙin farko masu hali ne. Jirgin ƙasa ke kawo su bakin gandu, keken doki ya yi kwanaki yana zagayawa da su, dare ya yi su sauka a otal. Talaka mai amalankensa da tantinsa yana zuwa, sai dai a gefe yake raɓewa.

MOTA TA SHIGO

A 1908 Henry Ford ya fito da motarsa Model T a kan dala 850, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1920 farashinta ya faɗo ƙasa da dala 300. Manomi da malamin makaranta da mai kanti suka mallaki abin hawa. Masu kula da gandaye sun ɗan yi turjiya, domin ƙarar inji na firgita dawaki a kan siraran hanyoyin tsauni. Yosemite ya buɗe wa mota ƙofa a 1913, Yellowstone a ranar 1 ga Agusta 1915. Zuwa 1917 motocin safa sun maye gurbin keken doki a Yellowstone baki ɗaya.

A ranar 25 ga Agusta 1916 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar kafa hukumar gandayen daji ta ƙasa. Shugabanta na farko, Stephen Mather, attajiri ne da ya yi kuɗi a cinikin boraks, wani ma'adini mai kama da kanwa da ake wanki da shi. Lissafinsa mai sauƙi ne: dajin da jama'a ba su gani ba, ba za su tsaya masa ba ran da masu yankan katako da masu haƙar ma'adinai da masu gina madatsun ruwa suka zo nemansa. 'Yan majalisa kuma ba sa sakin kuɗi sai sun hango ƙuri'a. Sai ya rungumi masu mota hannu bibbiyu. A 1920 wani ayarin motoci ya tashi daga Denver ya zagaya gandaye 12 cikin kwana 76, tafiyar kimanin mil 5,000, yawanci a kan hanyar ƙasa, domin a nuna wa gwamnati buƙatar titin da zai haɗa su.

Matafiyan wancan zamani ba su da tanki ko firji. Tanti ne a ɗaure a jikin mota, sai barguna, sai abincin gwangwani da ake ɗumamawa a kan inji. A 1919 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiya a garin Tampa na jihar Fulorida, suka kira kansu Tin Can Tourists, wato 'yan yawon gwangwani, har sukan liƙa gwangwani a murfin lagireto don su gane juna a hanya. Garuruwa da dama suka buɗe musu zango kyauta don su ja ciniki. Da aka ga 'yan ci-rani da marasa aiki su ma suna sauka, sai aka sa kuɗin shiga. Tun a nan aka fara raba mai yawo don nishaɗi da mai yawo don dole.

Masu kuɗi kuwa da salonsu suka shigo. A 1915 wani attajiri, Roland Conklin, ya tashi daga jihar New York da iyalinsa ya nufi San Francisco a cikin wata mota mai tsawon ƙafa 25 da nauyin tan 8, da kicin da wurin wanka da garmaho a ciki, jaridu na bin labarinsa. Ford da kansa, tare da Thomas Edison da Harvey Firestone mai kamfanin taya da marubucin halittu John Burroughs, sun yi ta fita kwanan daji tsakanin 1915 da 1924. Hotuna sun nuna su suna saran itace kamar talakawa, amma a bayan kyamara akwai kuku da barori da motar kicin. A 1921 har Shugaba Warren Harding ya je ya taya su. Mu lura da kyau: mai sayar da mota da mai sayar da taya ne ke koya wa jama'a daɗin hanya.

WANDA YA ZANA ZANGON

Jama'a suka amsa kira fiye da yadda aka zata. Kowa ya shigo sai ya kutsa da motarsa inda ya ga inuwa, ya kafa tanti, ya sari reshe ya hura wuta. Ƙasa ta daddaɓe, ciyawa ta mutu, manyan itatuwan da suka shekara dubbai suka fara nuna alamar wahala. Aka gayyato wani masanin cututtukan tsirrai, Emilio Meinecke, ya duba. Ya gano cewa tayoyi da ƙafafu ne ke danne saiwoyi. A 1932 ya fitar da tsarin da har yau ake bi: titi ɗaya mai zagaye wanda ake bi ta fuska guda, kowane gurbi da ɗan lungun ajiye mota, da teburi, da murhu a kafe, a jera duwatsu ko gungume don kada taya ta wuce iyaka. Duk mai tafi-da-gidanka da ke ja da baya yana shiga gurbinsa a daren yau, a cikin zanen likitan itatuwa yake kwana, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Masu aikin ginin kuwa yunwa ce ta kawo su. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar matasa masu aikin daji a 1933. Kafin a rufe ta a 1942 samari kimanin miliyan 3 sun ratsa ta, ana biyan kowanne dala 30 a wata, 25 daga ciki a aika wa iyayensa. Su suka fasa duwatsu, suka haƙa magudanai, suka gina zanguna da hanyoyin ƙafa da yawa da ake amfani da su har yanzu.

A daidai wannan lokaci ɗakin kansa ya sauya. Wani mai harkar magunguna a Detroit, Arthur Sherman, ya sha wuyar kafa tanti cikin ruwan sama, sai a 1929 ya sa aka ƙera masa akwatin katako mai tagogi a kan tayoyi. Mutane suka yi ta tambaya, ya mai da abin sana'a. A 1936 Wally Byam ya fito da Airstream Clipper, ɗaki mai jikin gorar ruwa da aka ƙera kamar jirgin sama. Byam madugu ne na gaske: ya riƙa haɗa ayari yana jagoranta, har a 1959 ya tashi da ɗakuna 41 daga Cape Town ya nufi Alƙahira. Sai dai a shekarun talauci da na Yaƙin Duniya na Biyu, dubban iyalai sun zauna a irin waɗannan ɗakuna ne saboda ba su da wani gida, musamman ma'aikatan masana'antun yaƙi.

HANYAR BA TA KOWA BA CE

Akwai wanda buɗaɗɗiyar hanyar nan ba ta buɗe masa ba. Baƙar fatan Amurka da ya sayi mota yana iya yin tafiyar yini bai sami gidan man da zai bar shi ya shiga bayan gida ba, kuma akwai garuruwan da doka ko al'ada ta hana shi kaiwa faɗuwar rana a cikinsu. Iyalai sukan ɗauki abinci da bargo da galan ɗin fetur har da bokiti, suna mai da motarsu gida saboda tsoro. A 1936 wani ma'aikacin gidan waya a unguwar Harlem, Victor Hugo Green, ya fara buga ɗan littafin jagora da aka fi sani da Green Book, mai jera wuraren da baƙar fata zai ci ya kwana lafiya. An ci gaba da buga shi har shekarun 1960.

Gandayen ma ba su tsira ba. A Shenandoah da ke jihar Virginia an keɓe wa baƙaƙe zangonsu daban a Lewis Mountain tun daga 1939, kuma sai a 1950 aka gama haɗe wuraren gandun. Dokar da ta haramta wariya a otal da gidajen abinci a faɗin ƙasar sai a 1964 ta zo. Ga mota iri ɗaya, ga titi ɗaya, amma labari biyu.

ZAMANIN CUNKOSO

Bayan yaƙi aljihu ya yi nauyi, fetur ya yi arha, iyalai suka yi yawa. Zuwa 1955 ziyarar da ake kai wa wuraren hukumar ta kai kusan miliyan 50 a shekara, a kan kayan aikin da suka tsufa. Tun a 1953 marubuci Bernard DeVoto ya rubuta a mujallar Harper's cewa idan majalisa ba za ta ba da kuɗi ba, gara a rufe gandayen. A 1956 shugaban hukumar, Conrad Wirth, ya ƙaddamar da shirin shekara goma mai suna Mission 66, wanda ya ci kimanin dala biliyan 1 wajen faɗaɗa tituna da zanguna da gina cibiyoyin tarbar baƙi fiye da 100. A shekarar ce kuma Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar manyan titunan da suka haɗe jihohi.

A 1966 kamfanin Winnebago da ke garin Forest City a jihar Iowa ya fito da motarsa mai ɗaki a kan kusan rabin farashin takwarorinta, har sunan ya zama kamar sunan kowace irin wannan mota. Daga sunan gundumar aka samo shi, ita kuma daga sunan da ake kiran ƙabilar Ho-Chunk, mutanen da gwamnati ta yi ta tasa daga Wisconsin zuwa Iowa, zuwa Minnesota, zuwa Dakota, har wasunsu suka ƙare a Nebraska. Sunan waɗanda aka tilasta wa ƙaura ya koma jikin motar masu ƙaura don shaƙatawa.

Cunkoso ya zo da nasa sakamakon. Shekara da shekaru ana barin beya tana cin shara baƙi na kallo, wasu ma suna miƙa mata abinci ta tagar mota. A dare ɗaya cikin Agusta 1967 beya biyu daban-daban suka kashe 'yan mata biyu a gandun Glacier. Daga 1970 Yellowstone ya rufe juji ya tsaurara doka, kuma asalin ƙa'idar ɓoye abinci da muka ambata ke nan. A shekarar 2000 gandun Zion ya hana motocin jama'a shiga babban kwarinsa a lokacin cunkoso, sai dai a hau motar gandun. A 2016 ziyara ta kai kusan miliyan 331.

MARUBUTA UKU

A nan ne batun ya fi shafar mu. A Satumba 1960 John Steinbeck, yana da shekara 58, ya hau akori-kura mai ɗaki a baya tare da karensa Charley, ya zagaya Amurka tafiyar kimanin mil 10,000. Littafinsa Travels with Charley ya fito a 1962, shekarar da ya sami kyautar Nobel. Ya shiga Yellowstone, amma karen ya haukace da ganin beya, dole ya juya. Mutane sun so littafin saboda hoton dattijo shi kaɗai yana kwana a bakin rafi yana hira da talakawa. A 2010 wani ɗan jarida, Bill Steigerwald, ya bi sawun tafiyar yana gwada ta da wasiƙun marubucin da rubutun farko na littafin. Ya gano cewa darare da yawa a otal aka yi su, wasu ma na alfarma, kuma matarsa tana tare da shi a wani babban ɓangare na tafiyar. Bugun cika shekara 50 na littafin ya fito da gabatarwar da ta amsa cewa akwai ƙagaggen labari a ciki. Masu kare shi sun ce ai mai ƙaga labari ne tun asali. Mu dai a ganinmu, idan ka ce wa mai karatu ga abin da ya same ka, ka ɗauki amana. In ƙagawa za ka yi, faɗa masa tun a bango.

Na biyu shi ne Edward Abbey, wanda ya yi aikin gadin daji a Arches da ke jihar Utah a 1956 da 1957, yana kwana a ɗakin tayoyi na gwamnati. A littafinsa Desert Solitaire na 1968 ya yi kaca-kaca da shimfiɗa kwalta a gandaye, ya nemi a ajiye motoci a ƙofa a shiga da ƙafa ko keke ko doki, domin a ganinsa wanda ke kallon daji ta gilashi bai ga komai ba. Mather ya ce a kawo jama'a don daji ya tsira, Abbey ya ce jama'ar da motocinsu ne ke kashe abin da suka zo gani. Kowannensu da gaskiyarsa, kuma har yau ba a raba gardamar ba. A Arches ɗin nan, a 2022 sai da aka fara raba wa motoci lokacin shiga.

Ta uku ita ce 'yar jarida Jessica Bruder. Ta sayi tsohuwar mota ta zauna a ciki, ta yi shekaru tana bin dattawan da rikicin kuɗi na 2008 ya raba da gidajensu ko fanshonsu bai isa haya ba. Suna yawo daga aiki zuwa aiki: girbin gwozar sukari, ɗaukar kaya a rumbunan Amazon gab da Kirsimeti, da kula da zangunan daji, inda suke share gurbi da wanke bayan gida don masu hutu. Littafinta Nomadland ya fito a 2017, fim ɗin da aka yi da shi ya ci kyautar Oscar a 2021. Ta ga abin da wasu ba su gani ba ne saboda ta tambayi mutumin da ke riƙe da tsintsiya.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Mu ma muna da gadon rubutun tafiya. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Fagen a buɗe yake, kuma tarihin da muka bi ya nuna inda ake tuntuɓe. Mai tafi-da-gidanka yana jin shi kaɗai ne da daji, alhali a ƙarƙashin tayarsa akwai dokar 1872, da ƙauyen da aka tasa, da zanen Meinecke, da gumin samarin 1933, da dattijuwar da ta wanke bayan gidan zango da asuba. Wannan bai rage wa dutsen kyau ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin faɗuwar rana. Amma marubucin da ya kawo mana faɗuwar ranar kaɗai, rabin labari ya kawo.

Saboda haka ga aikinmu na wannan mako. Kowa ya tuna tafiyarsa ta ƙarshe, ko da daga tashar garinsu ce zuwa kasuwar ƙauye, ya rubuta shafi ɗaya. A ciki ya amsa tambaya uku: me na ci, a ina na kwana ko na tsaya, kuma nawa na biya? Wa ya yi aikin da ya sa tafiyar ta yiwu? Wa ke wurin kafin titin ya zo, kuma ina yake yanzu? Abin da ba ka gani da idonka ba kada ka ce ka gani, wanda aka faɗa maka kuma ka ce faɗa maka aka yi.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.